Zauren Tsohon Makanike: Jiragen Koyon Tuƙi da Masu Ƙera Su

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan jiragen da sojojin sama ke koyon tuƙi da su. Na ware biyar. Masu tambaya a kan jirage marasa matuƙi su yi haƙuri sai an gama girbin gero, don hannuna bai kai gare su ba tukuna.

Baba, barka da hutawa. Gonarmu tana ƙasar Gezawa. Wani lokaci da hantsi wani ƙaramin jirgi mai ƙara yakan zo ya yi ta kewaye, har ya kifa cikinsa sama. A bakin kowane fiffikensa akwai wani dogon abu mai tsini. Mutanen gari na cewa ɓarayin daji yake nema. Gaskiya ne? — Manomi daga Gezawa

Ɗana, kwantar da hankalinka, ka kwantar da na mutanen gari. Kwatancen da ka yi ya dace da L-39 Albatros, kuma abin da ka gani a bakin fukafukai tankunan mai ne. Makarantar koyon tuƙi ta 403 ta rundunar sojin sama a Kano take, kuma daga Kano zuwa Gezawa, ga jirgin da ke iya cin kilomita 750 a awa, tafiyar 'yan mintoci ce. Mai neman mutum a ƙasa ba ya kifa cikinsa sama. Yaro ne a kujerar gaba, malaminsa a baya yana yi masa faɗa.

Kamfanin Aero ne ya ƙera shi, a garin Vodochody kusa da Prague, a ƙasar da a da ake kira Cekoslobakiya. Tun 1919 kamfanin ke nan. Sunansa ya fito ne a 1961, lokacin da ƙasashen da ke tare da Tarayyar Sobiyet suka yi gasa don zaɓen jirgin jet guda da dukkansu za su riƙa koyo da shi. Rasha ta kawo Yak-30, Folan ta kawo Iskra, Aero ya kawo L-29 Delfin. Na Aero ya ci. Folan ta ce ita dai nata za ta riƙe, amma sauran, har da Rasha kanta, suka karɓa, aka ƙera kusan 3,600.

Wannan L-29 shi ne jirgin Aero da ya fara zuwa mana, a 1967, a farkon yaƙin basasa, bayan Ingila da Amurka sun ƙi sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi. Ba koyo aka fara yi da shi ba, kai tsaye fagen daga ya nufa. A cikinsa ne shugaban rundunar na lokacin, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗari a 1969. Ƙanensa L-39 ya fara tashi a 1968, mu kuma muka karɓi guda 24 a tsakanin 1986 da 1987.

Mu da muka riƙe sifana muna ganin girman wanda ya zana jirgin nan. Ya ɗaga kafofin shan iskar injin sama da fiffike, don kada ya zuƙi tsakuwa daga ƙasa. In ƙafafun sauka suka fito, ƙofofinsu sai su sake rufewa, ƙura ba ta shiga ramin taya. Yana da ƙaramin inji a jikinsa da ke tayar da babban, ba sai an jawo masa keken wuta ba. Duk wanda ya yi aiki a filin jirgi cikin hunturu, ƙura na shiga har cikin akwatin kayan aiki, ya san darajar waɗannan ukun. Inda gizo ke saƙa shi ne injin: AI-25TL ba a Cek ake yin sa ba, a Zaporizhzhia ta Yukren ne. Gangar jiki a ƙasa ɗaya, inji a wata, ke nan ƙofa biyu za ka ƙwanƙwasa kafin jirgi ɗaya ya tashi. Sabon samfurin da Aero ya tayar a 2018, L-39NG, kuwa ya koma injin Amurka.

Ranka ya daɗe, ina koyar da 'yan aji shida. Wani yaro ya tambaye ni: wa ya koya wa matuƙan farko tuƙi, kuma da wane jirgi? Na ce masa zan bincika. — Malamin firamare daga Ringim

Malam, a gai da yaron nan, ya yi tambayar manya.

Matuƙan farko su suka koya wa kansu, da yawa kuma ba su kai ga ba da labari ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransawa suna da wata dabara: sai su rage wa jirgi fukafukai yadda ba zai iya tashi ba, ɗalibi ya yi ta gudu da shi a fili shi kaɗai har hannunsa ya faɗa, sannan a ba shi mai tashi. A Ingila kuwa malamai da yawa matuƙa ne da aka dawo da su daga yaƙi don su huta, ba su da tsarin koyarwa, ɗalibai suna ta mutuwa tun kafin su ga abokin gaba.

Wanda ya gyara lamarin wani hafsa ne, Robert Smith-Barry, a Gosport, a 1917. Ya ce a daina ɓoye wa ɗalibi haɗari. A kai shi sama, a jefa jirgin cikin juyin faɗuwa da gangan, a nuna masa yadda ake fitowa, ya maimaita har tsoro ya bar shi. Ya sa aka haɗa bututun roba daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, domin kafin nan sai nuni da hannu ko ihu cikin ƙarar inji. Jirgin da ya zaɓa Avro 504 ne, na katako da ƙyalle, mai fukafukai hawa biyu, wanda ya fara tashi a 1913. Tsarin da ake bi a Kaduna da Kano yau, wato malami ya nuna, ɗalibi ya gwada, malami ya gyara, daga can ya samo asali.

A nan ne nake saɓa wa masu zaton jirgin koyo shi ne wanda ya fi sauƙin tuƙi. Ba haka ba ne. Dokin da za a ɗora yaro a kai don ya koyi sukuwar salla ba a so ya zama mai kayar da mutum, amma kuma in ya cika sanyi, yaro zai sauko yana ganin ya iya, alhali doki ne ya yi masa komai. Ana son jirgin da zai tona asirin kuskure ba tare da ya kashe mai kuskuren ba. Tiger Moth na kamfanin de Havilland, wanda ya fara tashi a 1931, da wannan ya yi suna. Ba shi da birki, ba shi da tayar baya sai ƙarfe mai jan ƙasa, da hannu ake murza farfelarsa. Tashi da shi ba wuya, amma tuƙa shi da tsabta sai gwani. An yi kusan 8,800. Da yaƙi ya yi zafi de Havilland ya shagala da jiragen yaƙi, sai aka miƙa aikin ga Morris, kamfanin motoci, wanda ya yi fiye da 3,000 daga ciki.

Amurka tana da Stearman a matakin farko, sai T-6 Texan na kamfanin North American a mataki na gaba, wanda Ingilishi ke kira Harvard. An ƙera 15,495. Ƙararsa ta daban ce, saboda bakin farfelarsa na kai gudun sauti. Afirka ta Kudu ba ta ajiye nata ba sai 1995. Ingila ma, da yake samanta ya cika da yaƙi da hazo, sai ta kwashe makarantunta zuwa Kanada, inda aka horar da ma'aikatan jirgi fiye da 130,000, wasu kuma aka kai Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau.

Ka ƙara wa yaron da wannan, zai ji daɗinsa. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya haɗa akwati mai siffar jirgi da ke karkata yana juyawa a cikin ɗaki, ya yi amfani da zugazugan masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. Ana rufe ɗalibi a ciki, ba ya ganin komai sai agogunan gabansa. Shi ne kakan na'urorin kwaikwayon tuƙi na kwamfuta da ake da su yanzu.

Zamanin jet zan taƙaita. Kamfanin Lockheed na Amurka ya tsawaita jirgin yaƙinsa na P-80, ya ƙara kujera, ya zama T-33 a 1948. Faransa ta yi Fouga Magister mai wutsiya biyu a buɗe, Italiya ta yi MB-326, kamfanin Northrop na Amurka ya yi T-38 a 1959, jirgin koyo na farko da ya wuce gudun sauti, kuma har yau Amurka ba ta gama rabuwa da shi ba.

Baba, na ga hoto wani jirgin malami da ɗalibi suna zaune kafaɗa da kafaɗa, wani kuma gaba da baya. Wanne ya fi? — Mai gyaran babur daga Kazaure

Kowanne da lokacinsa, ɗana. Sabon shiga ana so malami ya ga hannunsa da idonsa, ya lura in ya daskare, don haka ake zama gefe da gefe, kamar a Super Mushshak da ake fara koyo da shi a makarantar 401 ta Kaduna. Wanda zai tuƙa jirgin yaƙi kuwa shi kaɗai zai zauna a tsakiya, dole ya saba da rashin kowa a gefensa, sai a mayar da malami baya, a ɗan ɗaga kujerarsa don ya hango gaba. L-39 da Alpha Jet haka suke. Kowace kujera da sandar tuƙinta da matakan ƙafarta, a haɗe suke, in ɗaya ta motsa ɗayar ma ta motsa.

Alhaji, muna musu a majalisarmu. Wasu na cewa Nijeriya ta taɓa ƙera jirgin soja a Kaduna, wasu na cewa tatsuniya ce. Raba mana gardama. — Tela daga Gumel

Malam, duka ɓangarorin biyu su ba da kuɗin shayi. Jirgin na nan, sunansa Air Beetle, kuma a Kaduna aka haɗa shi, a kamfanin AIEP wanda daga baya ya zama DANA. An yi kusan 60 a shekarun 1990. Amma zanensa na RV-6A ne, na kamfanin Van's da ke jihar Oregon ta Amurka, wanda ke sayar da jirage a wargaje mutum ya haɗa da kansa. Injin ma Lycoming ne na Amurka. Mu muka haɗa, muka yi gyare-gyare, ba mu muka zana ba.

Kada wani ya raina wannan. Embraer na Birazil, da aka kafa a 1969, ya yi shekaru yana haɗa MB-326 na Italiya da lasisi kafin ya tayar da Tucano nasa a 1980. Pakistan ta fara da haɗa ƙaramin jirgin Siwidin a Kamra, yau ita ke sayar mana da shi. Bambancinmu da su ɗaya ne: su ba su tsaya a zubin farko ba. Ƙwarewar haɗa jirgi a hannun mutane take, ba a takarda ba. In mai buga ƙusa dubu a fiffike ya yi ritaya bai koya wa yaro ba, an koma farko.

Tun da ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, bari in ƙirga maka inda muka yi ta sayayya. An kafa rundunar da doka a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Ɗaliban farko an tura su Habasha, Kanada, Indiya da Jamus. Jirgin koyonmu na farko Piaggio P.149D ne, zanen Italiya. Sai L-29 na Cek. Sai Bulldog na Scottish Aviation a shekarun 1970. A shekarun 1980 kaɗai muka ɗauko jet iri uku da aikinsu ya yi kusa da juna: Alpha Jet guda 24 daga kamfanin Dornier na Jamus, MB-339 guda 12 daga Aermacchi na Italiya, da L-39. Mai kallon fareti zai ga ado. Makanike kuwa abin da yake gani shi ne littattafan gyara iri uku, kayan aiki iri uku, ɗakin ajiya uku, kuma wanda ya ƙware a wannan baƙo ne a wancan. Na sha ganin jirgi lafiyayye an lulluɓe shi da tamfol saboda wata 'yar roba da ba ta kai girman zobe ba, sannan a zo a cire masa wani abu don a tayar da ɗan'uwansa, gobe a sake cire wani. Haka jirgi ke ƙarewa a tsaye ba tare da ya taɓa faɗuwa ba. Da Tarayyar Turai ta sa mana takunkumin makamai a 1995, abin ya ƙara tsanani ga duk jirgin da kayansa ke fitowa daga can.

Su kansu kamfanonin ba sa dawwama. De Havilland ya shige cikin Hawker Siddeley, shi kuma da Scottish Aviation suka narke cikin British Aerospace a 1977. North American ya bi ta Rockwell ya ƙare a hannun Boeing. Ɓangaren jiragen Dornier an sayar wa Fairchild a 1996, ya durƙushe a 2002. Aermacchi yanzu yana cikin Leonardo. Jirgin koyo yakan yi shekara talatin ko arba'in yana aiki, sau da yawa ya fi sunan da ke jikinsa daɗewa. Don haka in ni ne a teburin sayayya, kafin in tambayi gudunsa zan tambayi ƙasashe nawa ke da irinsa, da wanda zai sayar mini da birkinsa bayan shekara ashirin. Ba kuwa da wasa na ce birki ba. Jirgin yaƙi yakan tashi ya sauka sau ɗaya a fita. Na koyo sai ya taɓa ƙasa ya sake tashi sau da yawa a darasi guda, a hannun wanda bai gama iya sauka ba. Tayoyi, birki da ƙafafu su ke fara gajiya.

Baba, in Alpha Jet na koyo ne, me ya sa kullum shi muke ji a rediyo ya kai hari? Kuma mace za ta iya tuƙa shi? Ina aji biyar na sakandare. — Ɗaliba daga Ɓaɓura

'Yata, bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi. Za ta iya, an ma yi. Blessing Liman, 'yar jihar Kaduna, ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar soja a ƙasar nan, sannan a 2019 Kafayat Sanni ta zama ta farko a jiragen yaƙi. Ki riƙe lissafi da fiziks da Turanci, ki kula da idonki, don gwajin likita na tankaɗe mutane da yawa.

Alpha Jet kuwa tun haihuwarsa da fuska biyu ya zo. Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka haɗu suka yi shi, ya fara tashi a 1973. Faransa jirgin koyo take so, Jamus kuma ƙaramin jirgin kai hari, sai aka yi wanda zai iya duka. Inji biyu gare shi, ba shi da tsadar tashi kamar manyan jiragen yaƙi, kuma a yaƙin da abokin gaba ba shi da jirage, wannan ya isa. Namu sun yi aiki da dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOMOG a Laberiya da Saliyo, sun yi a arewa maso gabas. A Yulin 2021 ɓarayin daji suka harbo ɗaya a yankin Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya cilla kansa waje da kujerar ceto, ya bi daji da dare har ya kai ga sojoji.

Ɗaura wa jirgin koyo makami tsohon abu ne, mu ma an taɓa yi mana. A watan Mayun 1969 wani ɗan Siwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar samfurin MFI-9B, masu kujera biyu da farfela ɗaya, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su. Aka ɗaura musu rokoki a ƙarƙashin fukafukai. Suna tafiya dab da kan itatuwa, suka faɗa wa filayen jirgin Fatakwal, Benin da Inugu, suka lalata jirage a ƙasa waɗanda suka ninka su kuɗi nesa ba kusa ba. Wanda ya zana MFI-9, Björn Andreasson, shi ne kuma ya zana magajinsa da ya fi shi girma, wanda kamfanin Saab ya ƙera. Pakistan ta karɓi lasisinsa ta kira shi Mushshak, daga baya ta ƙara masa inji mai ƙarfin doki 260 ya zama Super Mushshak. A 2016 Nijeriya ta sayi guda 10. In Allah ya kai ki Kaduna, jikan jirgin da ya kai mana hari ne zai fara ɗaga ki sama.

A-29 Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021 suka zauna a Kainji su ma zuriyar jirgin koyo ne, zanen Embraer, amma a Florida ta Amurka aka haɗa su. M-346 guda 24 da aka yi odarsu daga Leonardo haka: asalinsu aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Aermacchi da Yakovlev na Rasha, suka raba gari a 2000, kowa ya tafi da zanen, Rasha ta yi Yak-130, Italiya ta yi nata.

Abin da ba na so a wannan al'ada shi ne inda ake ɗauko jirgin. Kowane jirgi yana da adadin awoyin da zai yi kafin a kwance shi a yi masa babban gyara, kuma ɗaukar bom na cin ƙarfin fiffike fiye da ɗaukar ɗalibi. In aka janye jirgin makaranta aka kai fagen daga, malamin ma yakan bi shi, don shi ne ƙwararre. Sai ɗalibai su zauna jira, wanda ya fara sabawa hannunsa ya yi sanyi, a koma biyan kuɗi masu nauyi ana tura su ƙasashen waje. Ba a ganin ɓarnar a shekarar da aka yi ta, sai bayan shekara biyar, lokacin da sababbin jirage suka iso aka rasa isassun masu hawa. Don haka, 'yata, in kin ji an ce an sayo jiragen yaƙi, ki tambaya ko an sayo na makaranta tare da su. A wasiƙarki ta gaba ki gaya mini darussan da kika zaɓa, sai in faɗa miki yadda ake neman shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna.